Mijin Adda da Kwalbar Inna

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma mijin Adda ya riga mu tafiya. Da hantsi ya cika, a gidansa na Gwandu, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka mu Fulanin Dangoma muke kiran babbar 'yar'uwa. Ni ce ƙanwar matarsa, wadda ta fi kowa cika shi da tsiya yana raye. Shi ya sa nake ganin gara in faɗi abin da idona ya gani, tun kafin masu gaisuwa su gama mai da shi waliyyin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ya ɓata mini, ba sau ɗaya ba.

Na zauna a tsakar gida kwanakin zaman makoki ina jin su. Wata tsohuwa daga Dodoru ta shigo tana kuka har da majina, ta ce wa Adda, "Ni fa na taɓa zaginsa. Na ce ya yi mini allura, ya ce ciwona ba na allura ba ne. Na zage shi tas, ya miƙo mini kwalba ya ce in dawo ranar kasuwa." Ta ce ta dawo, kuma ta sake zaginsa. Mata suka yi dariya cikin hawaye, Adda ma sai da ta murmusa.

Wani masunci ya taso tun daga Kalgo da ƙunshin busasshen kifi. Ya ajiye a zaure ya tsuguna, ya daɗe, ya tashi ya tafi. A zauren kuma ina jiyo maza ta bayan katanga suna ta "Likita ya tafi, Likita ya tafi." Sai ƙanensa ya ce musu, "Ku daina. Yana raye bai yarda da sunan nan ba. Cewa yake yi shi disfensa ne, mai haɗa abin da likita ya rubuta." Gaskiya ce. In ka ce masa likita sai ya waiga baya, wai yana duba ko wani ne ya shigo.

Na san aikinsa ne lokacin da En'e, hukumar gargajiya, ta tura shi ɗakin shan magani na Kalgo. A shekarar da aurena ya mutu, na koma wurin Adda na zauna, ni nake kai masa fura da rana. Wannan kai furar ta koya mini haƙuri, ni da ba ni da shi. In na tarar yana awo, to sai in nemi inuwa. Zai rufe taga komai zafi, don kada iska ta taɓa sikelinsa. Sikelin ɗan ƙarami ne mai faranti biyu, duwatsunsa na tagulla, wasu ba su kai ƙwayar dawa ba, kuma ba ya ɗaukarsu da yatsa sai da hantsaki. Wai gumin hannu yana ƙara musu nauyi. Na ce, "Malam, gumi? To numfashinka fa?" Ya ce, "Shi ma riƙe shi nake yi, Sarkin Baki. Ke ce dai ba za ki iya ba." Sunan da ya sa mini ke nan.

In ruwa zai auna, yana da gilashi mai zane-zane a jiki. Ba ya ɗaga shi sama, ba ya sunkuya masa. Sai ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da zanen. Ya taɓa nuna mini cewa ruwa a cikin gilashi ba ya kwanciya a miƙe, gefe yana hawa, tsakiya tana lotsawa, kuma lotsawar ake dubawa. Na leƙa na gani da idona. Tun ina yarinya nake auna nono, ban taɓa lura ba. Ruwan da yake haɗi da shi kuma sai an tafasa, an tace da farin ƙyalle, ya huce a rufe. Ranar da Adda ta yi masa gwaninta ta cika masa tulun da ruwan rijiya, bai yi faɗa ba. Ya ɗauka ya ba shukar bakin ƙofa, ya hura wuta da kansa. Adda ta ce da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Yana da wani ƙyalle da yake naɗa wa dattawa a damtse, ya hura shi da 'yar roba, ya sa abin saurare a kunne yana kallon zaiba tana sauka cikin gilashi. Awon jini ke nan. Mutane suna ganin naɗin shi ne maganin, har wasu su ce sun ji sauƙi tun kafin a kwance. Shi kuwa sai ya ce, "Ban ba ka komai ba tukuna, Baba. Tambayar jikinka kawai na yi."

Abin da na zo faɗi dai maganar Inna ce, mahaifiyarmu.

Da bazara ƙafafunta suka kumbura, har in ka danna yatsa sai wurin ya zauna a lotse. Numfashi ya gagare ta a kwance, sai a jingine take barci. Daga ɗaki zuwa inda ake tatsa sai ta huta a hanya. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, abu sai gaba yake yi. Da likita Bature ya zo rangadi daga Birnin Kebbi, muka ɗora ta a kan jaki muka kai ta Kalgo. Mijin Adda ya bar ɗakin tun kafin jakin ya tsaya, ya bar likita da mai yi masa tafinta. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce zuciya ce ta gaji, ya rubuta magani da yawan da za a ba ta, ya wuce. Haɗawa da lura suka rage a hannun surukinta.

Wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka wasa ne. A wurinmu uwar mata ba ta haɗa ido da mijin ɗiyarta, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In suka yi kiciɓis a hanya, ɗaya zai ratse cikin gona. Adda kuma ɗiyar fari ce, sai kunyar ta ninka. Inna "mai keke" take ce masa. Shi kuma ko da wasa bai taɓa wuce zanan ƙofarta ba.

Ina nan ya buɗe kabad mai kwaɗo ya fito da wata 'yar kwalba mai duhu. Ya ce ruwan ganyen wani fure ne na ƙasar Turawa, an jiƙa an tace, an gwada ƙarfinsa tun a can. Ya ɗiga shi cikin siririn gilashi, ya durƙusa ya duba, ya juye a babbar kwalba, ya cika da tafasasshen ruwa zuwa zane, ya girgiza. Sannan ya ɗauko wani ɗan finjalin gilashi ya yi masa alama da magagari.

"Ba cokali," ya ce. "Cokalin gidanku da na maƙwabta ba ɗaya ba ne. Nan za ki tsaya, a kan wannan tsagar."

Na ce, "In ya ɗan wuce fa? Ai sai ta fi saurin warkewa."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ki saurare ni da kyau. Wannan ba maganin tari ba ne. Tsakanin abin da zai tashe ta da abin da zai kwantar da ita, ɗigo kaɗan ne. Kuma ba ya fita daga jiki da wuri, taruwa yake yi. Yana ƙara wa zuciya ƙarfi, yana rage mata gudu. In ya yi yawa zai rage gudun har ta tsaya."

Daga ranar ban sake yi masa wasa a kan kwalbar nan ba.

Saura ƙidayar bugun zuciya. Dole a riƙa ƙirga shi da agogo, don shi ne yake faɗin ko maganin ya fara yawa. Agogo yana aljihunsa, hannun Inna kuwa ya fi ƙarfinsa. Sai ya koya mini inda zan ɗora yatsu a wuyan hannu, a kan Adda na koya. Na koma Dangoma jinya. Ranar kasuwa da ranar Juma'a zai zo a keke, ya jingine shi, ya tsuguna a bayan zana da agogo a tafinsa. Ni ina ciki, hannu ɗaya a kan jijiyar Inna, ɗaya a kan kifaffiyar ƙwarya. Duk bugu ɗaya sai in ƙwanƙwasa ƙwaryar da zobena. Shi yana ji yana ƙirgawa. In minti ya cika ya ce, "Ya isa. A gai da Inna." Ita kuma ta dubi bango ta ce mini, "Ce wa mai keke ya gai da gida."

Maƙwabta suna ta dariya, wai mun buɗe kiɗan ƙwarya ba biki. Amma wallahi na ga abin mamaki. Kafin mako ya zagayo Inna ta yi ta fitsari, ƙafafu suka saɓe, ta kwanta a miƙe ta yi barci. Kafin wata ta koma kaɗa nono da kanta. Ni da nake ganin ɗan abin da ke cikin finjalin nan, bai kai kurɓi ɗaya ba, sai tsoron Allah ya kama ni.

Haɗin ba ya jure zafi, saboda haka duk mako sabo yake kawowa, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Kuma kullum yakan ɗan ƙara a kan na mako, wai saboda hannuna na rawa ne, zan zubar. Ya ce abin da ya rage a tsohuwar kwalba a tuttular a ƙasa, a wanke ta a ba shi. Hannuna kuwa bai taɓa zubar da ɗigo ba, don in ba shi kunya. Wankin kwalbar Inna ce ta karɓa, domin ita ko ƙoƙonta ba ta yarda wani ya wanke mata. Fes take dawo da ita.

Damina ta yi nisa sai Inna ta fara ture tuwo. Ta ce ba komai. Na ji ta tana amai a bayan ɗaki, ta ce hura ce ta yi tsami. Wata safiya matar ƙanenmu ta kawo mata madarar da aka tatsa yanzu, fara sol, sai Inna ta hau ta da faɗa, wai don me za a kawo mata dakashi, ba ta ga ya yi rawaya ba? Muka dubi juna muka ce tsufa ne.

Ranar Juma'a ce, mijin Adda ya zo da hantsi. Na kama hannun na fara ƙwanƙwasa. Ni kaina na ji kiɗan ya canza. Bugu biyu a manne, sai shiru, har in ɗauka yatsana ne ya goce, sai kuma biyu. Minti ya wuce bai ce ya isa ba.

"Sake," ya ce.

Na sake. Ya ce bai kai hamsin ba. Ya tambayi ko tana cin abinci, ko tana amai. Inna ta dubi bango ta ce, "Ce masa lafiya lau nake." Ni kuma, don in sassauta wurin, na ba shi labarin dakashi ina dariya. Bai yi dariya ba. Ya ce ganin fari ya koma rawaya alamar maganin ne ya taru. Ya tambaye ni ko na taɓa wuce tsagar finjali. Na ce ya sani ban wuce ba, kuma raina ya ɓaci. Sai ya ce, "Ragowar kwalba, a gabanki ake zubarwa?"

Na juya na dubi Inna. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ce in tambaye ta yaushe ta sha, kuma nawa. Na tambaya, na roƙa, na yi faɗa. Ko uffan. Finjalin safe kuma yana hannuna a cike ban ba ta ba tukuna.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Yana zaune a gindin bishiya yana tufka igiya, yana jin komai. Sai ya ga mijin Adda ya miƙe ya tuɓe takalma ya nufi ƙofar zana. Baffa ya yar da igiyar ya sha gabansa.

"Malam, ina za ka?"

"Wurin Inna, Baffa."

"Wanga abu ba a yin shi a gidan nan. Ka faɗa wa yarinya ta faɗa mata."

Yarinyar ni ce, mai furfura a goshi.

Ya ce, "Na faɗa, ba ta amsa ba. Baffa, ƙwarya ba ta gaya mini ƙarfin bugun, yawansa kawai take faɗi. Sai na ji da yatsana. In na bar nan ban sani ba, ina tsoron ranar kasuwa gaisuwa zan zo yi muku. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma bayan na fito."

Mutumin nan da ba ya ɗaga ido a gaban Baffa. Baffa ya juya baya ya fuskanci garke. Bai ba shi hanya da baki ba, bai kuma hana shi ba.

Da rarrafe ya shigo, kansa a ƙasa, gumi yana ɗiga daga gemunsa. Ya tsaya a gefen gado ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba ni hannunki." Na ɗauka za ta tashi ta fice, ko ta sume don kunya. Can sai hannun ya fito daga ƙarƙashin mayafi, shi kaɗai. Ya ɗora yatsu uku, ya rufe ido. Yatsun nan nasa ko motsi ba sa yi.

Daga cikin mayafi ta ce, ba da shi take ba, da ni take, "Ce masa ban taɓa zubarwa ba. Mutum ya tako keke cikin rana da taɓo ya kawo mini abu da hannunsa, in tuttular a ƙasa kaji su bi ta kai? Jiya da la'asar na shanye na wancan mako."

Ya ce, "Amai fa, Inna? Me ya hana ki faɗi?"

"Ce masa ba a cewa abin suruki ya ɓata ciki."

Na buɗe baki zan yi mata tatas, ya ɗaga mini hannu. Ya karɓi finjalin da sabuwar kwalbar, ya fita da baya da baya. A waje ya ce an tsai da magani sai abin da ke jikinta ya ragu. Nan Baffa ya sake tashi. Ya ce an keta masa gida, yanzu kuma za a janye abin da ya tashe ta? In kumburi ya dawo fa? Mijin Adda ya ce zai iya dawowa, kuma bai ɓoye ba cewa zuciyar tana iya tsayawa ko an janye. Ya aika wa likita da bayani ta hannun mai kai wasiƙun En'e, amma amsa sai ta kwana biyu, jikin Inna kuwa ba zai jira ba. Baffa ya ce, "In ta mutu, a wuyanka." Ya ce, "Na ɗauka."

Kullum sai ya zo bayan ya sallami marasa lafiya, ranar da ruwa ya cika hanya ya saɓo keken a kafaɗa. Bai sake shiga ɗakin ba. Ya koma bayan zanansa, na koma ƙwaryata. Kwanakin farko ina ƙwanƙwasawa ina kuka, don shirun da ke tsakanin bugun nan ya fi komai tsawo a rayuwata. Sannu a hankali shirun ya gajarta. Aman ya tsaya. Ranar da ta karɓi madara ta sha ba ta ce komai a kan launinta ba, na fita na gaya masa. Ya sa agogo a aljihu, ya kifa fuskarsa a gwiwa, ya daɗe a haka.

Amsar likita ta zo daidai da abin da ya yi, aka koma magani a kan ƙasa da na da. Daga nan bai sake ƙara ko ɗigo a kan na mako ba. Finjalin ƙarshe shi ne ƙarshen kwalba. Na ce masa ai laifin Inna ne da taurin kai. Ya ce, "A'a. Ni na san gidan da nake kai kwalbar, ni kuma na bar ragowa a ciki." Baffa bai taɓa ba shi haƙuri ba, amma tun daga lokacin in ya hango keken, da kansa yake tashi ya shimfiɗa masa buzu.

Shekaru kaɗan bayan haka hannunsa ya fara rawa. Ba wanda ya lura sai shi. Wata rana ya ɗauki hantsaki, ɗan dutsen ya suɓuce ya faɗi a faranti. Ya maida shi akwatinsa, ya rufe, ya nemi a sallame shi. Ya zauna da wanda ya gaje shi har ya ga yadda yake durƙusa wa gilashi, ya damƙa masa maganar Inna, sannan ya koma Gwandu. Mutane suna binsa gida ya haɗa musu, ya ce ya daina. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da bakina ya yi masa.

Inna tana nan da ranta. Da aka kai mata labarin rasuwar ba ta yi kuka ba, ta ce a nemo mata mota. Tun da aka kai Adda, ba ta taɓa taka gidan nan na Gwandu ba, ko haihuwa aka yi sai dai ta aika. Ran sadakar uku babbar mota ta sauke ta a bakin kasuwa. Aka kawo jaki ta ce a mai da shi. Ta tako da sanda har gidan, mata suna dare mata hanya. Ba ta nufi ɗakin Adda ba. Ta ce in nuna mata inda ya yi jinya.

Na kai ta ƙofar turakarsa. Ta tuɓe takalma, ta zauna a dokin ƙofa, ta sauke mayafi daga fuskarta. Na matso kusa, ina jiran ta ce in ce masa wani abu, don na saba. Ba ta dube ni ba. Cikin ɗakin ta duba.

"Ɗan nan," ta ce, "ga ni na zo gidanka. Da ƙafata na zo."